Toronto da Nayagara cikin sanyin Janairu: a kai Hajiya ko a haƙura?

Baban Sadiya (Otawa):
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan wata tafiya da nake son mu yi da iyali. Mahaifiyar maiɗakina ta zo daga Kano saboda haihuwar da aka yi mana, kuma a farkon Fabrairu za ta koma gida in Allah ya kai mu. Tun da ta sauka babu inda ta sani a Kanada sai gida da asibiti da masallacin Juma'a, alhali duk ranar da aka yi waya da mutanen gida sai an tambaye ta ko an kai ta ta ga ruwan Nayagara. Abin da na tsara shi ne mu bar Otawa ranar Asabar bayan sallar asuba, mu bi hanyar 416 mu hau 401, mu shiga Toronto wajen azahar tunda tafiyar kilomita 450 ce, mu hau hasumiyar CN, mu zaga bakin tafki, mu kwana. Ranar Lahadi da safe sai mu ƙarasa Nayagara, mu kalli ruwa, mu juyo gida da yamma, domin ina da aiki ranar Litinin. Mu biyar ne: ni da maiɗaki da Hajiya da Sadiya mai shekara huɗu da jaririn da ya cika wata uku. Waɗanda suka san hanyar a wannan lokaci su taimaka su gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Malam Direba (Mississauga):
Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya raya abin da aka samu. Tuƙin tirela a kan 401 shi ne sana'ata, don haka a kan hanya kawai zan yi magana, sauran kuma na bar wa masu shi.

Zuwan ba shi ne abin da ya dame ni ba, dawowar ce. Daga Nayagara zuwa Otawa kilomita 580 ne ko kusa da haka, kuma dole ka ratsa Toronto daga wannan gefe zuwa wancan a yammacin Lahadi, lokacin da kowa yake komawa gida. A tsakiyar Janairu rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe biyar. Idan ka bar bakin ruwa da ƙarfe biyu, kafin ka wuce Oshawa duhu ya fara, sauran tafiyar duka cikin dare za ka yi ta, bayan ka wuni a tsaye cikin sanyi, da jariri yana kuka a baya. Daga Cobourg zuwa Kingston hanyar tana bin gefen Tafkin Ontariyo, kuma idan iska mai sanyi ta ratso saman ruwan da bai daskare ba, sai ta kwashi tururi ta zubar da shi a matsayin dusar ƙanƙara a wani siririn yanki. Kana tafiya a busasshiyar kwalta, kafin ka ankara ka daina ganin fitilar motar da ke gabanka. Da rana ma abin tsoro ne, balle da dare.

Sai maganar taya. Ontariyo ba ta tilasta sanya tayoyin hunturu kamar yadda Kebek take yi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, shi ya sa 'yan uwa da yawa suke zama da tayoyin da suka sayi mota da su. Robar irin waɗannan tayoyi tana fara sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai ka taka birki mota ta ci gaba da tafiyarta. In ba ka da tayoyin hunturu guda huɗu, kada ma mu ci gaba da maganar. In kana da su, ka nemi hutun Litinin a wurin aiki, sai mu sake tsarin.

Maman Ikram (Hamilton):
Baban Sadiya, barka da arziki, ka gaida min mai jego da Hajiya. Ni aikin jinya nake yi, kuma a ganina a haƙura da wannan tafiya. Duk shekara daga Disamba zuwa Maris muna karɓar tsofaffin da santsi ya kayar, wasu da karyewar wuyan hannu, wasu da karyewar ƙugu, kuma karayar ƙugu ga mai shekaru ba ƙaramin al'amari ba ne. Bakin ruwan nan ya fi ko'ina santsi, saboda feshin da yake tashi daga magangarar yana sauka a kan hanya ya daskare nan take, ko da ma'aikata suna zuba gishiri. Hajiya ba ta saba taka ƙanƙara ba, wataƙila ma takalmin da ta zo da shi mai sulɓin ƙasa ne.

Ina kuma so ka duba takardar inshorarta tun yau. Baƙon da ya zo ziyara ba ya cikin tsarin lafiyar lardi, kuma kwana ɗaya a gadon asibiti ba tare da inshora ba yana iya cinye abin da ka daɗe kana tarawa. Jariri kuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba, kuma bai kamata ya daɗe a kujerarsa ta mota ba tare da an fito da shi ya miƙe ba. Idan don a faranta wa Hajiya ne, a kai ta majalisar dokoki da kasuwar ByWard a nan Otawa, Nayagara kuma a bari sai ta dawo cikin bazara.

Ɗalibi Badamagare (Montreal):
Ina gaida iyaye da yayye. Ina goyon bayan Anti Maman Ikram, kuma ina da ƙarin dalili. Jiragen ruwan da suke kai mutane gindin magangarar ba sa aiki da hunturu, ko ta ɓangaren Kanada ko ta ɓangaren Amurka, sai wajen Afrilu ko Mayu suke dawowa, kuma su ne abin da kowa yake ba da labari. Na kuma ga hotuna da yawa da suke nuna ruwan ya daskare gaba ɗaya ya tsaya cik. Idan haka ne, a kori mota wannan nisa domin a kalli bangon ƙanƙara, ai bai cancanci wahalar ba.

Injiniya (St. Catharines):
Ƙanena Badamagare, maganarka ta jirage gaskiya ce, amma ta daskarewa tana buƙatar gyara, kuma tunda a kanta ake neman yanke hukunci, bari in ɗan tsawaita.

Magangarun uku ne. Babbar ita ce Horseshoe, wadda ta lanƙwasa kamar kofaton doki kuma take kallon ɓangaren Kanada. Tsayinta kimanin mita 57 ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da yake zuba ta kanta yake bi. Sauran biyun, American da ƙaramar Bridal Veil, suna ɓangaren Amurka, tsibirin Goat ne ya raba su da babbar. Hotunan da ake yaɗawa duk lokacin da aka yi matsanancin sanyi, irin na 2014 da 2015 da 2019, yawanci na American ne, domin ruwanta kaɗan ne kuma akwai tarin duwatsu a gindinta da ƙanƙara take hawa. Ko a can ɗin ma ɓawo ne kawai yake rufe fuskar, ruwan yana gudu a ƙarƙashinsa. Horseshoe kuwa ba ta tsayawa. Lokacin da tarihi ya tabbatar cewa ruwan ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya shi ne ƙarshen Maris na 1848, kuma ba daskarewa magangarar ta yi ba: iska ce ta turo ƙanƙarar Tafkin Erie ta toshe bakin kogin kusa da Buffalo, aka yi kimanin awa talatin mutane suna taka busasshen gindin kogi. Tun 1964 ake shimfiɗa wani shinge mai yawo a kan ruwa a daidai wannan baki duk hunturu, domin rage ƙanƙarar da take gangarowa ta toshe mashigar tashoshin lantarki.

Abin da yake gaskiya shi ne ruwan yana raguwa da hunturu, amma da hannun mutum. Yarjejeniyar da Kanada da Amurka suka sa wa hannu a 1950 ta ce daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, da rana, dole a bar aƙalla kubik mita 2,832 na ruwa ya zuba a kowane daƙiƙa, da dare kuma da duk tsawon hunturu a bar rabin haka, wato 1,416. Sauran ana karkatar da shi ta manyan ramuka zuwa tashoshin Sir Adam Beck a ɓangaren Ontariyo da ta Robert Moses a ɓangaren New York. To rabin nan da ake magana ya haura lita miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a daƙiƙa guda. Wanda ya tsaya a Table Rock, inda ruwan yake lanƙwasawa ya faɗa a ɗan taƙi kaɗan daga ƙarfen da ya dafa, ba zai ce an rage masa komai ba.

Ni a nan kusa nake zaune, kuma ina faɗa da zuciya ɗaya cewa na fi son wurin a Janairu a kan Yuli. Da rani sai ka yi ta turereniya kafin ka sami wurin tsayawa. Da hunturu feshin yana lulluɓe itatuwa da turakun fitila da ƙarafan shinge, kowane reshe ya yi kauri ya yi fari, a ƙasa kuma ƙanƙara takan haɗe kogin daga gaɓa zuwa gaɓa ta zama gada. A da mutane har rumfunan saye da sayarwa suke kafawa a kanta, sai ranar 4 ga Fabrairu 1912 ta tsage ta tafi da mutum uku, daga nan aka hana hawa. A Janairun 1938 kuma irin wannan tarin ƙanƙara ne ya ture gadar ƙarfe ta Honeymoon ta rufta, aka gina Rainbow a madadinta aka buɗe ta a 1941.

Damuwar Maman Ikram a kan santsi tana kan hanya, sai dai akwai mafita. Ginin Table Rock yana da ɗumi da manyan tagogi masu kallon ruwan, kuma daga cikinsa ake shiga lif a sauka mita 38 cikin dutse zuwa ramukan da suke kaiwa bayan magangarar. Wannan a buɗe yake duk shekara, ko da yake sukan rufe dandamalin ƙasa idan ƙanƙara ta yi yawa. Akwai kuma tsohuwar tashar lantarki ta 1905 da aka mayar wurin ziyara a 2021, ita ma a rufe take daga iska.

Baba Alhaji (Buffalo):
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma kowa ya faɗi gaskiyar ɓangarensa. Na daɗe a wannan gari, ina nan aka yi guguwar da ta fara ranar 23 ga Disamba 2022, wadda ta kashe mutum fiye da arba'in a yankinmu, wasunsu a cikin motocinsu aka same su, kuma aka yi kwanaki an hana tuƙi a cikin birni. An yi gargaɗi tun kafin ta zo. Da yawa daga waɗanda abin ya rutsa da su sun fita ne domin wata buƙata da suke ganin ba za ta jira ba.

Saboda haka, ɗana, shawarata ita ce ka kai surukarka, domin ba ka da tabbacin za ta sake samun biza ko lafiyar dawowa, kuma hidimar da ta yi muku ta cancanci fiye da haka. Amma ka tsai da ƙarshen mako biyu, ba ɗaya ba, ka kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, kuma kada ka gaya wa Hajiya rana sai ka duba hasashen yanayi na hukumar Kanada da shafin 511 na yanayin hanyoyin Ontariyo ranar Alhamis da Juma'a. Idan aka ce akwai ruwan sama mai daskarewa ko gargaɗin guguwar dusar ƙanƙara a ko'ina tsakanin Kingston da Nayagara, ka zauna a gida ba tare da jin kunyar kowa ba. Tafkin Erie ba shi da zurfi, a shekarar da aka yi sanyi sosai yakan daskare zuwa ƙarshen Janairu, sai irin wannan guguwa ta yi sauƙi ta wajenmu. Tafkin Ontariyo kuwa zurfinsa ya wuce mita 240 a wani wuri, da wuya ya rufe, don haka hanyarku tana cikin hatsarin har ƙarshen hunturu.

Abu na ƙarshe shi ne iyaka. Bizar Kanada ba ta shigar da mutum Amurka. Hanyar 420 da take shiga garin tana ƙarewa ne a bakin gadar Rainbow, kuma wanda ya shagala da bin muryar waya yana iya samun kansa a layin ƙetarewa. Idan ka isa wurin jami'an Amurka da wadda ba ta da bizarsu, za su mayar da ku, kuma za a rubuta. Ka lura da allunan hanya sosai. Ba ku rasa komai ba, domin daga ɓangarenku ne ake ganin magangarun uku fuska da fuska. Mu a nan daga gefe muke leƙensu.

Baban Sadiya (Otawa):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi shawarar ƙarshen mako biyu. Malam Direba, tayoyin hunturu suna kan motar tun Nuwamba, kuma an ba ni hutun Litinin. Anti Maman Ikram, na duba inshorar Hajiya, tana aiki har ranar tafiyarta, kuma gobe za mu saya mata takalmi mai ƙwarin ƙasa. Yanzu da yake kwana biyu za mu yi a waje, a ina ya kamata mu fara sauka?

Malam Direba (Mississauga):
Ka fara da mai nisa. Ka tashi ranar Asabar da zarar gari ya waye, wajen bakwai da rabi, ka miƙe har Nayagara, ka tsaya a wuraren hutawa na ONroute da suke kan 401, inda akwai banɗaki mai tsafta da wurin canza wa jariri da gidan mai. Ko da tsayawa biyu ko uku, in Allah ya yarda kafin la'asar ta yi nisa kun sauka. Dalilina shi ne a ranar farko ƙarfinka yake cike, kuma hasashen da ka duba jiya bai tsufa ba. Ranar Lahadi bayan azahar sai ka dawo Toronto, awa ɗaya da rabi ce, ka kwana, Litinin kuma ka bari cunkoson masu zuwa aiki ya lafa sannan ka kama hanya, ka shiga Otawa da sauran rana.

A kan QEW, babbar hanyar da take tsakanin Toronto da Nayagara, akwai dogayen gadoji biyu, ta Burlington kusa da Hamilton da ta St. Catharines wadda ta haye mashigin jiragen ruwa na Welland. Iska tana bugun mota a kansu, kuma saman gada yana riga kwalta daskarewa, don haka ka sassauta tun kafin ka hau, kada ka taka birki da ƙarfi a tsakiya. Waya za ta so ta bi da kai ta 407 domin ta fi sauri. Hanyar kuɗi ce, babu shingen biya, kyamara ce take ɗaukar lambar mota a aiko maka da takarda daga baya. In ka ga 401 ta cushe, biyan ya fi zama da jariri a cikin cunkoso, amma ka shiga da saninka. Ka sa galan na ruwan wanke gilashi mai jure digiri 40 ƙasa da sifiri a bayan mota, domin gishirin da manyan motoci irin tawa suke watsowa yana makantar da gilashi cikin ɗan lokaci. Kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki. Ka ɗauki bargo da ƙaramin shebur da tocila, kuma idan ƙaddara ta sa kuka maƙale, ka share bakin salansa kafin ka kunna hita, domin hayaƙin da yake komawa cikin mota ba shi da wari kuma yana kisa.

Maman Ikram (Hamilton):
Tunda Baba ya yi magana, ba zan ja ba, amma ban yarda da kilomita 580 a rana ɗaya da ɗan wata uku ba. Da ni ce, da a Toronto zan fara yada zango. Idan kun bi tsarin Malam Direba, to duk awa biyu a tsaya a fito da yaron, a ba shi nono, ita ma Hajiya ta taka ƙafarta saboda jini ya zaga. Kada a ɗaure shi a kujera da rigar sanyi mai kumburi, domin bel ɗin ba ya kama jiki. A ɗaure shi da kaya marasa kauri, sannan a rufa masa bargo a sama. A bakin ruwa kuma mai jego ta zauna da shi a cikin gini ta kalla ta taga. Ita Hajiya a sa mata kaya hawa-hawa a ƙarƙashin zani, da wando mai ɗumi da safar hannu da hular da take rufe kunne a ƙarƙashin mayafi, ka riƙe ta a hannu, kuma kada ta wuce minti goma sha biyar a waje kafin ta koma ta ji ɗumi. Sanyin Kano na watan Janairu yana fasa leɓe da dunduniya ne kawai, wannan kuwa yana kashe yatsa mutum bai sani ba. Idan ka ga kan hancinta ko kumatunta ya sauya launi, ko ta ce ba ta jin yatsunta, ku shiga ciki, kuma kada a murza wurin.

Yaya ta Scarborough:
Kowa ya tafi Nayagara ya bar mana Toronto kamar wurin kwana kawai, alhali birni ne na mutum kusan miliyan uku. Ƙanena, kada ka sayi tikitin hasumiyar CN tun daga gida. Tsayinta mita 553 ne, kuma a ranar da gajimare ya sauko babu abin da za ku gani sai fari. Ka ɗaga kai ka dube ta tukuna, in kana ganin ƙololuwarta ka saya. A gindinta akwai gidan kifaye na Ripley's, wanda Sadiya za ta fi so a kan komai. Bakin tafki kuma ku gan shi daga mota, domin iskar da take tasowa daga ruwan ba ta tsofaffi ba ce. Idan kuna son tafiya da ƙafa, daga tashar Union ake shiga PATH, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka kai kilomita 30, sai dai yawancin shagunan ciki a rufe suke ranar Lahadi.

Abin da nake ganin zai fi shiga ran Hajiya shi ne gidan tarihi na Aga Khan da aka buɗe a 2014, inda aka ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Alƙur'ani da kayan fasahar ƙasashen Musulmi. Ba ya buɗewa ranar Litinin, don haka sai dai yammacin Lahadi in kun iso da wuri. Daga can Thorncliffe Park ba nisa, kuma nan da titin Lawrence ta gabas akwai abincin halal da yawa. Amma abincin darenku yana gidana, tuwo da miyar kuka, ba na son musu.

Malam Liman (London ta Ontariyo):
Allah ya kai ku lafiya. Ranakun gajeru ne, tsakanin azahar da magariba bai kai awa biyar ba, shi ya sa matafiya da yawa suke shiga ruɗani. Tafiyarku ta ninka nisan kasaru, wanda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba, don haka za ku sallaci azahar da la'asar da lisha raka'a biyu-biyu tun daga barin gari har dawowa. Ya halatta ku haɗa azahar da la'asar a zango ɗaya idan kuna kan hanya. Ku yi alwala a ɗaki kafin ku fita, wanda yake da huffi na fata ya sa shi a kan tsarki ya riƙa shafa. Ba na so wani ya tsaya a kafaɗar 401 domin salla. Ran mutum amana ne, kuma wuraren hutawa ba su da nisa da juna.

Baban Sadiya (Otawa):
Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi mun je mun dawo lafiya, kuma ya zama wajibi in kawo muku bayani. Makon farko an yi gargaɗin ruwa mai daskarewa a gabashin Ontariyo, muka soke ɗaki muka zauna kamar yadda Baba ya ce. Mako na biyu muka tafi a kan tsarin Malam Direba, hanya a bushe har Nayagara, ko da yake tsaye-tsayen jariri sun sa sai dab da magariba muka sauka. Ɗakin yana kallon ruwa, kuma kuɗinsa bai kai na rani ba, amma da muka zo biya sai na ga an ƙara kuɗin fakin da wani kuɗi na daban da ba a ambata da farko ba, don haka mai zuwa ya tambayi jimillar tun kafin ya kama. Da dare aka haska magangarun da fitilu masu launi, Hajiya ta ja kujera gaban taga ta ƙi tashi har aka kira ta cin abinci.

Da safe sanyi ya kai digiri 9 ƙasa da sifiri. Na riƙe ta muka taka daga ƙofar Table Rock zuwa shinge, ƙarfen ya yi kauri da ƙanƙara har hannu ba ya iya zagaye shi, ruwan kuma kore shar yana lanƙwasawa a gabanmu. Kafin mu juya gefen mayafinta da feshi ya jiƙa ya sandare, tana taɓa shi yana ƙara. Ba ta ce a ɗauke ta hoto ba sai da ta gama karanta ayar nan ta kusa da ƙarshen Ali Imrana mai cewa Ubangiji bai halicci wannan a banza ba. Wayata ta mutu saboda sanyi bayan hoto kaɗan, sai da ta maiɗaki muka ƙarasa. Mun sauka ramin bayan ruwa ni da Sadiya, dandamalin ƙasa a rufe yake, ƙofa ɗaya kuma ƙanƙara ta cinye rabinta, amma rugugin yana shiga har ƙirji.

A Toronto gajimare ya rufe saman hasumiya, muka bar ta muka shiga gidan kifaye, lokaci kuma bai ba mu damar gidan tarihi ba. Yaya, Hajiya ta ce a sake yi miki godiya. Ranar Litinin bayan mun wuce Belleville abin da Malam Direba ya kwatanta ya same mu, hanya ta yi fari fat da rana tsaka, na kunna fitilu na bi a hankali har wurin hutawa na gaba, muka zauna sai da ta wuce.

Maman Ikram (Hamilton):
Alhamdu lillahi, barkanku da dawowa. Na ji daɗi ƙwarai da Hajiya ta gani da idonta. Duk da haka, wanda zai karanta wannan nan gaba ya lura cewa sun soke mako guda, suna da tayoyin hunturu, kuma duk da haka guguwa ta tare su a hanya. Ga mai jariri ƙasa da wata shida har yanzu na fi son a jira Mayu. Ka duba min ƙafafun Hajiya cikin kwanakin nan, idan ɗaya ta kumbura ko tana ciwo a sha raɓa, a kai ta a duba kafin ta hau jirgi, tunda ga zaman mota ga doguwar tafiyar sama a gabanta.

Ɗalibi Badamagare (Montreal):
Barka da hanya, Yaya. Bayanin Injiniya da naka sun sa ina son zuwa a hutun Fabrairu, amma ba ni da mota, kuma daga nan zuwa Toronto kaɗai kilomita 540 ne. Ko akwai hanyar da ba sai na yi haya ba?

Injiniya (St. Catharines):
Akwai, kuma ga mutum ɗaya ta fi mota sauƙi da kwanciyar hankali. Ka hau jirgin ƙasa na VIA daga Montreal zuwa tashar Union, tafiyar awa biyar ce ko sama da haka kaɗan. Daga Union jiragen GO suna zuwa Nayagara, kuma a lokutan da babu jirgi kai tsaye ana sauka a Burlington a ƙarasa da bas ɗinsu. Tashar garin tana da ɗan nisa da magangarar, amma motocin WEGO suna kaiwa har Table Rock. Ka duba jadawalin hunturu kafin ka fito, domin zirga-zirgar ba ta kai ta rani ba, kuma ka lura cewa Litinin ta uku a Fabrairu ranar hutu ce a Ontariyo, ɗakuna suna tsada a wannan ƙarshen makon. In ka tsai da rana ka sanar da ni ta akwatin saƙo, zan tare ka a tasha.